Yadda Za Ka Rage Wa Magenka Ƙiba Da Taimakon Wayarka Da Ƙaramin Sikeli

Yau darasinmu ya ɗan kauce daga maganar batir da kyamara da sayen data, amma wayar na nan a tsakiyarsa. Duk mai hawa TikTok ko Instagram ya san irin bidiyon nan na ƙatuwar mage da ta cika kujera, tana son hawa gado tana zamowa, mutane na ta dariya suna tura wa abokai. To abin ya iso har gidajenmu. A Ikara da Makarfi da Hunkuyi yanzu za ka samu saurayi ko budurwa sun sayo mage mai dogon gashi daga Kano ko Kaduna, sun ajiye ta a ɗaki, aikinta ci da barci. Ko ita ma magen gida da muka gada, idan ta dace da gidan da ake yawan girki kuma akwai tsohuwa mai tausayi, ba ta daɗewa take komawa kamar tulu.

Abin dariya ne a bidiyo, amma a jikin dabbar ciwo ne. Wani bincike da masana na Jami'ar Cornell ta Amurka suka fitar a 1998 ya nuna cewa mage mai ƙiba ta fi mai matsakaicin jiki haɗarin kamuwa da ciwon suga kusan ninki 4, sannan ta fi ta haɗarin ɗingishi kusan ninki 5. Magen da suga ya kama kuwa galibi sai an riƙa yi mata allurar insulin sau biyu a rana, kuma maganin a firji ake ajiye shi. Ka tuna yadda wutar lantarki take a garinku, sai ka gane cewa rage mata tuwo tun yanzu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ka tabbatar ƙiba ce tukuna

Ba kowane babban ciki ba ne ƙiba. Mace mai ciki tana ɗaukar kwana 63 zuwa 65 kafin ta haihu, kuma a makonnin ƙarshe cikinta na fitowa sosai. Tsutsar ciki ma na kumbura cikin mage, musamman 'ya'ya da masu yawon bola, alhali bayanta duk ƙashi ne. Akwai kuma wata fata da ke reto a ƙasan ciki kusa da ƙafafun baya, wadda halitta ce, har siraran maguna suna da ita. Mai ciki, da mai shayarwa, da ɗan magen da bai kai shekara ba, duk lissafin da ke tafe ba nasu ba ne, kar ka rage musu abinci.

Likitocin dabbobi suna amfani da ma'aunin jiki mai maki 9. Maki 1 ƙashi da fata ne, maki 5 shi ne daidai, maki 9 ƙiba ce ta ƙarshe. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, tana da hoton wannan ma'auni kyauta a intanet, ka sauke shi ka ajiye a wayarka. Amma ido kaɗai ba ya isa, musamman ga mai dogon gashi. Sai ka sa hannu. Ka shafa haƙarƙarinta a hankali, sannan ka kwatanta da hannunka. Idan ka ji kamar gaɓoɓin yatsunka lokacin da ka dunƙule hannu, ta rame. Idan kamar bayan hannunka ne a buɗe, ƙasusuwan na jiwuwa ƙarƙashin 'yar siririyar tsoka, jikinta daidai yake. Idan kuwa kamar tafin hannu ne, sai ka danna kafin ka ji ƙashi, to ƙiba ta samu.

Daga nan ka ɗauke ta hoto biyu: ɗaya daga sama tana tsaye, ɗaya daga gefe. Daga sama ya kamata ka ga ƙugu ya ɗan shiga ciki bayan haƙarƙari. Ka buɗe wa hotunan albam na daban, duk wata ka ƙara biyu a wuri ɗaya da tazara ɗaya. Wanda ke ganin mage kullum ba ya lura da canjinta, amma hoton watan jiya da na yau idan ka jera su ba sa ɓoye komai.

Waya ba sikeli ba ce

Idan ka shiga Play Store za ka ga manhajoji da ke cewa ka ɗora abu a kan fuskar waya su gaya maka nauyinsa. Kar ka ɓata datarka. Fuskar wayoyinmu taɓawa take ganewa, ba a yi ta don auna giram ba, lambar da za ka gani ƙage ce, tallace-tallacen da ke ciki su ne gaskiyar manhajar.

Na'ura biyu kake buƙata, dukkansu ƙanana. Ta farko sikelin kicin na dijital mai auna giram ɗaya-ɗaya, irin na masu yin kek. Ana samun sa a kasuwar Sabon Garin Zariya ko a Jumia da Konga, kuma batir AAA ko ɗan zagayayyen nan CR2032 yake amfani da shi. Ka duba ya kasance yana da maɓallin da aka rubuta TARE, wanda ke mayar da lamba sifili bayan ka ɗora kwano, don kar nauyin kwanon ya shiga lissafi. Kafin ka amince da shi ka gwada shi da ruwa: ka ja mililita 10 a sirinji ka zuba a kofi, ya kamata ya nuna giram 10.

Ta biyu ita ce ta auna magen kanta. Dabarar nan ta hawa sikelin mutane da mage a hannu sannan a cire nauyin mutum tana aiki, amma ba ta isa ba a nan, domin irin waɗannan sikeli da giram 100-100 suke tsallake, mu kuwa canjin giram 50 muke nema. Sikelin ratayawa na dijital, irin wanda matafiya ke auna jaka da shi, ya fi dacewa, tunda galibinsu giram 10-10 suke nunawa. Ka rataya jaka mai ƙarfi, ka mayar da shi sifili, ka sa magen ciki, ka ɗaga. Ka riƙa yin awon da safe kafin ta ci abinci, a rana ɗaya ta mako.

Lissafin da kalkuletar wayarka za ta yi

Mu ƙaddara akwai wani muzuru a Makarfi mai nauyin kilo 5.2, kuma da aka shafa haƙarƙarinsa aka ba shi maki 8. Ƙa'idar da ake bi ita ce, kowane maki ɗaya a saman 5 yana nufin ƙarin nauyi na kusan kashi 10 cikin 100. Maki 8 ya wuce da uku, wato kashi 30. Sai ka raba 5.2 da 1.3, ka samu kilo 4. Wannan shi ne nauyin da ya kamata ya kasance, kuma da shi za a yi lissafin abinci, ba da 5.2 ba. Nan ne mutane da yawa ke zamewa: suna duba jadawalin da ke bayan buhun abinci da nauyin magen na yanzu, sai su ci gaba da ciyar da kitsen.

Mataki na gaba shi ne kalorin da jikinsa ke buƙata yana kwance ba ya komai. Ana samun sa ne ta hanyar ɗaga nauyi zuwa ƙarfin 0.75, sannan a ninka da 70. Kar lambar ta ba ka tsoro. Ka kwantar da wayarka a gicciye ko ka danna alamar kalkuletar kimiyya, za ka ga alamar √. Ka ninka nauyin da kansa sau uku: 4 × 4 × 4 ya ba da 64. Ka danna √, ka samu 8. Ka sake danna √, ka samu 2.83. Ka ninka da 70, ya zama kalori 198 a rana. Don ya rage ƙiba, kashi 80 cikin 100 na wannan za a ba shi, wato 198 × 0.8, wanda ya kama kalori 158.

Idan ba ka son maimaita wannan, ka buɗe Google Sheets, ka rubuta nauyin da ake so a akwatin A2, sannan a na gefensa ka sa =70*A2^0.75*0.8 shi ke nan. Manhajar na aiki ko babu data idan ka saita fayil ɗin ya zauna a waya. ChatGPT da Meta AI na cikin WhatsApp ma za su yi maka lissafin, kuma ba laifi ka gwada su, sai dai ka sake bi da kalkuleta, domin sukan yi kuskuren lamba cikin natsuwa kamar sun tabbata. Sannan ba su da hannun shafa haƙarƙari, duk makin da ka ba su da shi za su yi aiki.

Kalori 158 ba wani abu mai yawa ba ne. Dafaffen ƙwai ɗaya ya kai kalori 70 ko ɗan fiye, kusan rabin abincin ranar ke nan. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, kashi uku cikin huɗu. Ɓera guda ɗaya kuwa kimanin kalori 30 ne kawai, shi ya sa magen da ke rayuwa da farauta take cin ƙananan abinci sau da yawa a rana, kuma da wuya ka gan ta da teɓa.

Daga kalori zuwa giram

Idan busasshen abincin kanti kake ba shi, ka juya buhun ka nemi inda aka rubuta kcal/kg. Rubutun kan yi ƙanƙanta, ka ɗauke shi hoto ka zuƙo, idan kuma da Faransanci ko Turkanci ne Google Lens zai fassara maka. Idan kJ ka gani maimakon kcal, ka raba da 4.2. A ce an rubuta 3,700 kcal/kg, wato kowane giram kalori 3.7. Ka raba 158 da 3.7, ka samu giram 43 a rana. Idan kana haɗawa da mai ruwa-ruwa na leda mai giram 85, a ce kalori 70 ke cikinsa, saura 88, wato giram 24 na busasshe.

Ranar farko da ka auna giram 43 a kwano za ka ce zalunci ne, don bai cika tafin hannu biyu ba. A nan ne amfanin sikeli yake. Masu bincike a Jami'ar Liverpool ta Ingila sun gwada awon abincin dabbobi da kofi a 2011, suka tarar ana yin kuskure daga ragin kashi 18 har zuwa ƙarin kashi 80 cikin 100, kuma kuskuren ya fi yawa idan abincin ɗan kaɗan ne, kamar na mage. Mu da muka saba da awon gwangwanin madara da tozo a sama, namu sai ya fi haka. Ƙarin giram 10 kacal kalori 37 ne, alhali duk abin da ka rage masa daga 198 zuwa 158 kalori 40 ne. Tozo ɗaya ya cinye aikin.

Gidan da ba a sayen abincin kanti

Gaskiya mafi yawan magunan Ikara da Kudan ba su taɓa ganin abincin buhu ba. Ragowar tuwo da miya, shinkafa da mai, kan kifi, ƙashin kaza, ɗan nono, su ne abincinsu. Babu takardar da za ka karanta kalori a jikin wannan, don haka hanyar ta bambanta. Mako na farko kar ka rage komai, ka dai riƙa auna duk abin da ya shiga kwanonta kana rubutawa a waya. Ƙarshen mako ka fitar da matsakaicin abin da take ci a rana, sannan ka rage kashi ɗaya cikin biyar.

Abin da za ka rage shi ne muhimmi. Mage macin nama ce a halittarta, ba kamar kare ba da ke iya maneji da kusan komai. Tana buƙatar wani sinadari da ake kira tawurin, wanda a nama da zuciya da kifi ake samun sa, kuma rashinsa na jawo makanta da ciwon zuciya. Saboda haka ragin ya faɗa kan mai da tuwo da shinkafa da fatar kaza, ba kan tsokar nama da kifi ba. Idan sardin gwangwani ne, ka tsiyaye man tas. Hanta kaɗan-kaɗan, don yawanta na tara bitamin A har ya cutar da ƙashi. Madara da nono kuwa, duk da hoton da muka taso da shi, manyan maguna da yawa ba sa iya narkar da sukarin cikinsu, sai gudawa, ga kuma kalori a banza. Ruwa mai tsabta ya wadatar, musamman a zafin Maris da Afrilu.

Miyarmu tana da wata matsalar daban da ƙiba: albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin mage, ko ɗanye ko dafaffe. Abu mafi sauƙi shi ne a cire mata nata naman ko kifin a tafasa daban kafin a sa kayan miya. Tsoka zalla ta tsawon watanni ma ba cikakken abinci ba ce, tana da ƙarancin sinadarin ƙarfafa ƙashi, don haka wanda zai dogara da girkin gida ya nemi likita ya tsara masa haɗin.

Hannu nawa ke ba ta?

Wannan ya fi lissafin wahala. A gidanmu na Hausa mage ba ta mutum ɗaya ba ce. Kai ka ba ta da safe, Hajiya ta jefa mata tsoka daga kicin, ƙannenka su ba ta biredi da shayi, da yamma ta tsallaka katanga ta ci na maƙwabta. Kowa kuma zai rantse ɗan kaɗan ya ba ta. Dabarar da ta fi aiki ita ce roba ɗaya mai murfi: kowace safiya ka auna abincin yini gaba ɗaya ka zuba ciki, duk mai son ba ta ya ɗiba daga nan, idan ya ƙare ya ƙare. Ka raba shi sau uku ko huɗu, ka saita alam a waya. Idan kuna da zauren WhatsApp na gida, wanda ya ba ta ya tura alama ɗaya, saboda mage ta iya yi wa mutum na biyu kukan yunwa minti biyar bayan ta lashe kwano.

Kusan tabbas wani babba zai tuna maka hadisin matar da aka azabtar saboda ta kulle mage ta hana ta abinci har ta mutu. Ka amsa da ladabi, ka nuna masa robar da abincin ciki, ya ga cewa awo ake yi ba hanawa ba. Lokacin layya kuma sai an sa ido sosai, don kitse da kayan ciki sun yi yawa a tsakar gida. Masu shago da rumbu da ke cewa sai an bar mage da yunwa take kama ɓera su ma su kwantar da hankali: farauta ɗabi'arta ce ko ta ƙoshi, ƙibar ce ma ke hana ta tsalle.

Na'urar zuba abinci da kanta

Kamfanoni irin su Xiaomi da Petlibro da Petkit suna yin na'urar da ke zubo abinci a lokacin da ka saita ta manhaja, wasu har da kyamara. Tana da amfani ga ɗalibi ko ma'aikacin da ba ya wuni a gida, kuma tana raba ka da kukan asuba tunda magen za ta koma gadin na'ura maimakon ƙofarka. Amma ka san waɗannan kafin ka tura kuɗi. Busasshen abinci kawai irin wannan take ɗauka. Galibinsu Wi-Fi na 2.4GHz suke kamawa, wanda ke nufin sai da MiFi ko rauta a gida, hotspot ɗin wayarka zai fita tare da kai. Ka tambaya ko tana da gurbin batir na ko-ta-kwana kuma ko tana riƙe jadawalinta idan intanet ya yanke. Masu shirin jona ta da fawa bank su lura, wasu fawa bank na kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Sannan abin da manhajar ke kira kaso ɗaya ba tsayayyen giram ba ne, ya danganta da girman ƙwayar abincin, sai ka zubo sau biyar ka auna ka raba biyar. A ganina, ga mai mage ɗaya a gidan da ba a rasa mutum, sikelin kicin da roba mai murfi sun yi duk aikin da na'urar za ta yi.

Abin da ya fi na'urar amfani ba ya cin ko sisi. Ka huda gorar ruwa ta roba wurare uku ko huɗu, ka zuba kason abincinta ciki ta riƙa gangarawa tana ci ɗaya-ɗaya, ko ka warwatsa shi a kiret ɗin ƙwai. Ka ɗaura gashin kaza a zare ka ja ta da gudu minti biyar zuwa goma safe da yamma. Wasannin kifi da ɓera na kan fuskar waya kuwa, hannu ɗaya kawai take motsawa, gilashinka ne zai sha farce.

Kar ka yi gaggawa

Wannan ne wurin da ake kashe mage da kyakkyawar niyya. Idan mage mai ƙiba ta daina cin abinci ko aka yanke mata shi farat ɗaya, jikinta na kwaso kitse ya tura hanta fiye da yadda hantar za ta iya sarrafawa, sai ta toshe. Kwana biyu zuwa uku babu ci sun isa a fara shiga haɗari. Alamominsa su ne kasala, amai, dalalar miyau, da ɗorawar launin rawaya a cikin kunne, dasashi da farin ido. Don haka ba a sa mage azumi, kuma idan za ka canza mata abinci ka riƙa gauraya sabon da tsohon na tsawon mako guda.

Gudun da ake so shi ne ta rage rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako, kar ya wuce kashi 2. Ga muzurunmu na Makarfi, giram 25 zuwa 50 ke nan a mako, kuma sauke kilo 1.2 zai ɗauki wata shida ko fiye. Ka sa awon kowane mako a Google Sheets ka bar shi ya zana maka layi. Idan wata guda ya wuce layin bai sauka ba, ka fara binciken wanda ke ba ta a ɓoye, idan babu sai ka rage kashi 5 zuwa 10 na abincin. Idan ya sauka da sauri fiye da kima, ka ƙara.

Idan ta yini ta kwana ba ta ci ba, ko tana yawan shan ruwa da fitsari, ko tana ramewa alhali ba ka rage komai ba, lissafin waya ya ƙare, sai likita. Kar ka ba ta farasitamol ko da ɓari ne, guba ce ga mage. Mutanen Kudan da Makarfi da Ikara suna da sa'ar kusanci da Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya. Ka tafi da wayarka a caje: albam ɗin hotuna, jadawalin nauyi, da hoton bayan buhun abincin ko jerin abin da take ci, su ne amsar tambayoyin farko da likitan zai yi maka.